Kwalbar Mama Saratu

Samari, ni ba jahili ba ne, kada ku ce rashin ilimi ya kai ni gidan yari. Na gama elementare a makarantar mishan, kuma duk ajinmu babu mai kyan rubutu kamata. Da na zo Kano sai na kafa tebur a bakin gidan waya, ina rubuta wa mutanen Fagge wasiƙu. Abinci bai yanke mini ba ko sau ɗaya.

Wata rana wani mai tallar magani ya kawo mini kwalabe, ya ce in rubuta masa takardun da zai manna a jikinsu. Na tambaye shi abin da ke ciki, ya ce, "Malam, kai dai rubuta." Na rubuta. Kafin sati ya sayar da su kaf. Sai na lura ba maganin ake saye ba, rubutuna ake saye. Me zai sa in raba riba da wani?

Na haɗa nawa: ruwan rijiya, da kanwa, da bular wanki don launi. Na sa masa suna Maganin Ingila Mai Cuta Arba'in. Da na ƙirga cututtukan da na sani suka tsaya a talatin da ɗaya, sai na ƙirƙiro tara.

A Sabon Gari wata mai wankau, Mama Saratu, ta saya wa mijinta, Baba Ishaya, lebura a tashar jirgi, wanda ƙarfe ya sare shi a ƙwauri. Ta ce, "Ɗana, ko in kai shi asibiti?" Na ce asibiti na masu gaggawar mutuwa ne. Wata biyu suna shafa bula. Da suka je asibitin, sai da aka yanke ƙafar daga gwiwa. Aka kama ni, majistare ya ba ni shekara uku, ya kuma yaba rubutuna.

A shekara ta biyu gatari ya goge ni a ƙwauri wurin faskare. Ciwon ya zama gyambo, yana wari har fursunoni suka janye tabarminsu. Likita ya sa a yi mini allura, ya ce in Jumma'a ta sama ta zo bai ga sauƙi ba, zai yanke.

Ran Lahadi masu ziyara daga coci suka zo, kamar yadda suka saba. Ban taɓa kula su ba, don tun barina makaranta ban yi addu'a ba. Sai ga Mama Saratu a kaina. Na ja bargo na rufe fuska.

"Buɗe, Malam, na san ka," in ji ta. "Shekara ashirin ina wanki, ka sayar mini da bula ban gane ta ba. Kunyar tamu ce mu biyu."

Ta kwance bakin zane ta fito da kwalba. Tawa ce, takardar na nan, rubutun bai ko dushe ba.

"Kwalbarka dai mai kyau ce, ba ta yoyo. Man gyaɗa ne a ciki, na kasuwa. Ba ya warkar da komai, ni ba zan yi maka ƙarya ba. Alama ce kawai. Mai warkarwa Yesu ne. Allurar likita kuma kada ka tsallake ko ɗaya."

Na ce, "Mama, in aka yanke, ai an yi adalci."

"Baban yara ma ya ce haka, wata shida yana faɗi. Jiya kuma ya ce in zo. Wai ƙafarka ba za ta yi masa daidai ba, ka fi shi gajarta."

Ta shafa mini man a goshi, ta durƙusa ta yi addu'a. Ba doguwa ba ce, ba kuma ta da kalmomin makaranta. Ta ce Ubangiji ya ji tausayin wannan yaro kamar yadda ya ji nasu. Ni da nake sayar da kalmomi, ran nan "Amin" kaɗai na samu.

Ran Jumma'a likita ya kwance bandejin, ya daɗe yana kallo, ya ce a ƙara sati. Satin ya zama wata. Ya ce allurarsa ce, Mama Saratu ta ce addu'a ce. Ni ban ga abin gardama ba, Wanda ya ji addu'ar shi ya ba likitan ilimi.

Da aka sake ni, gidansu na fara zuwa, ina ɗingishi. Baba Ishaya ya dube ni daga sama har ƙasa, ya turo mini kujera da sandarsa. Yanzu na koma teburina, ina cin halak, barci kuma yana zuwa da wuri. Ran Lahadi ni ke rubuta lambobin waƙa a allon coci, kuma ni ke tafiya a gefen Baba Ishaya na hagu, inda babu ƙafa.

Ku da ke makaranta, ranar da wani ya ce muku "kai dai rubuta," ku ajiye alƙalamin. In kuwa kun riga kun rubuta, kada ku ja bargo ku rufe fuska. Ku roƙi Yesu jinƙai, yana ji. Ni ƙafa biyu nake takawa, kuma na san ba don na cancanci ta biyun ba ne.