Gayyar Goggo Safara'u

Duk wanda ya ce muku Hadi shi kaɗai ya yi digirinsa, bai san uwarsa ba. Goggo Safara'u ƙanwar mahaifina ce, gajera, ga baki, kuma ƙuli-ƙulinta garinmu Fulatan ke ci tun kafin a haife ni.

Shekarar da mijinta ya rasu, yajin aikin malamai ya tura jarrabawar ƙarshe ta Hadi tsakiyar damina. Ciyawa ta rufe gonar dawa. Barau, wan marigayin, ya yanke hukunci: babban ɗa ya baro Kano ya kama fartanya, jarrabawa a yi ta baɗi. Yana faɗa yana sakace, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Goggo ta ce gayya za ta kira. Aka yi mata dariya, wai yaushe mace ta fara kiran gayya a garin nan. Barau ya bi gida-gida ya hana samari fita. Ita kuwa ta aika direban motar kasuwa ya gaya wa Hadi in ya sako ƙafa Fulatan kafin ya gama, ba ta yafe ba.

Abin da Barau bai sani ba, shekara da shekaru Hadi ne ke tarbar sababbin ɗalibai a ƙungiyar 'yan Karaye da Rogo, yana nemo musu wurin kwana. Ran Asabar sai ga 'yan ƙananan aji da suka gama tasu jarrabawar, mota guda cike, sun zo yi wa uwar Hadi gayya.

Noma dai an yi, kada ku tambaye ni kyansa. Rabinsu 'ya'yan ma'aikatan hakimi ne, ba su taɓa riƙe fartanya ba. Wani mai tabarau ya nome dawa layi guda tas, ya bar ciyawa tsaye, yana ta murna. Barau ya tsaya bakin gona yana cewa ga amfanin boko nan.

"Dawar tawa ce, Yaya," in ji Goggo. "A ƙara wa yaron fura."

Rumbu bai kai su bazara ba, amma Hadi ya gama tare da 'yan ajinsu. Da sakamako ya fito, Barau ne ya fara zuwa barka, yana ta "ɗanmu, ɗanmu." Goggo ta ajiye masa tuwon dusar da suke ci tun da dawa ta ƙare, ta zauna gabansa har ya cinye.