Layin da Inna Tabawa Ta Tsallake

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaye bakin titi a Ungogo ina jiran adaidaita, wayata ta yi ƙara. Saude ce, 'yar Inna Tabawa. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Malama, Inna ta cika da asuba."

Ban je wurin aiki ba. Motar Zakirai na nema.

Waɗanda suka daɗe tare da ni a shafin nan sun san shekara uku na yi ina koyar da ajin yaƙi da jahilci na mata a ƙauyenmu, can gaba da Zakirai. Bayan la'asar muke shiga, a ajin firamare, idan yara sun tashi. Inna Tabawa ce babba a ɗalibaina. A haife ta haifi uwata, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran sunana gatsau ba. Ko a rijiya muka haɗu, Malama ce.

Ranar farko ta damƙi fensir kamar muciya. Sau uku tana karya bakinsa. A na ukun ta dube ni ta ce, "Malama, wannan abin naku ba shi da ƙwari." Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta yi.

Lokacin ina goyon Amir, yaro mai rigimar tsiya. Da ya fara kuka sai ta taso ta kwance shi daga bayana ta goya, ta koma benci ta ci gaba da rubutunta tana jijjiga shi.

Ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba. Yau dafaffiyar gyaɗa, gobe kwaɗon zogale a kwanon sha. In na ce ta daina wahalar da kanta sai ta ce, "Ci ki samu ƙarfin yi mana faɗa."

Na taɓa tambayar kowacce abin da ya kawo ta. Wata ta ce tana so ta karanta saƙon waya da kanta, wata katin asibiti, wata ta gaji da dangwala yatsa. Da na zo kan Inna sai ta ce a wuce ta.

Sai da aka tashi, ina goge allo, ta tsaya ta faɗa min.

Haihuwarta takwas, huɗu sun koma tun suna ƙanana. Sunayen waɗannan huɗun take so ta rubuta, don babu inda aka taɓa rubuta su. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, Inna, faɗa min yanzu in rubuta miki.

Ta yi min wani irin kallo. "Haba Malama. Har da na farin?"

Kunya ta kama ni. Ni da na tashi a ƙauyen nan, na manta uwa irin su Inna ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ita kuma a aurenta na farko ta haife shi, can wajen Dambatta, wata biyu ya yi a duniya. Ubansa ya rasu, waɗanda suka halarci sunan duk sun rasu. Su Saude "yayanku" kawai suka sani. A duk duniya ita kaɗai ta rage da sunan yaron nan, kuma bakinta ba zai iya furta shi ba.

Ta ce, "Baki ne aka hana. Hannu ban ji an hana shi ba."

Daga ƙasa ta faro. Ta ware shafin ƙarshe na littafinta, ta tsallake layin sama, ta rubuta Sale. Bayan wata biyu Hansai. Garba ya ba ta wahala, ta goge har takardar ta kusa hujewa. Kullum ina tsokanarta, Inna saura na saman fa. Sai ta ce, "Sai hannuna ya yi kyau. Ba zan yi masa rubutun tafiyar kaza ba."

Ana cikin haka abubuwa suka fara tsayawa. Littattafai suka daina zuwa, sannan alli, sannan ɗan alawus ɗin da ake ba mu. Aka tara mu malamai a ofishin hukuma aka ce babu kuɗi a kasafi, a ɗan dakata. Na san irin wannan ɗan dakatawar. Wallahi har yau abin yana ci min rai, don duk lokacin da aka tashi tsuke aljihu, ajin tsofaffin mata ake fara gani, saboda an san ba su da inda za su kai ƙara.

Na ci gaba da zuwa na wata biyu don kaina. Da alli ya ƙare, Inna ce ta riƙa kawo gawayi a leda muna rubutu a bangon baya. Amma mun riga mun koma Ungogo da maigidana, kuɗin mota ya yi tashin da kowa ya sani, ga wata makarantar kuɗi ta ɗauke ni aiki. Na gaza.

Ga inda laifina yake, kuma gara in faɗa da bakina.

Dama duk shekara in ruwa ya sauka muna rufe aji, kowa ta tafi gona, sai an kai amfani gida mu dawo. To sai na fake da wannan. Na ce musu, "Sai bayan damina." Na san babu wani bayan damina. Na kasa kallon idonsu in ce an rufe.

Sauran matan sun gane. Inna ta ɗauki maganata yadda na faɗe ta.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, sati biyar ke nan, a wani suna a ƙauyen. Ina shirin fita ta kamo gefen mayafina ta ja ni bayan rumbu.

"Malama, an yanke gero, an roro wake, har kara an ɗaure. Yaushe za mu koma?"

Na ce muna jiran ofis, Inna.

Sai ta ce idonta ya fara yana, layukan littafi sun soma haɗe mata. Ta kwance bakin zaninta, ashe da littafin ta zo, a naɗe, da guntun fensir a ciki.

"Ba sai an buɗe ajin ba. Ki riƙe min hannu kawai ki ɗora ni a kan layin, sai ki kau da kai. Ni zan rubuta."

Direba yana ta danna hon a bakin hanya, motar ƙarshe ce mai zuwa Kano. Na ce Inna yi haƙuri, Asabar mai zuwa zan zo takanas, mu zauna a natse.

Ta mayar da littafin ta ɗaure. Ta ce, "To Malama. Allah Ya kai mu. A shafa min kan Amir."

Minti biyar ne fa. Minti biyar kawai take nema.

Asabar ta zo aka sa mana mitin ɗin iyayen yara. Ta gaba na ce sai an yi albashi. Daga nan ban ma ƙara ba kaina wani dalili ba.

Yau da na isa har an kai ta. Na zauna cikin mata ana ta gaisuwa, na kasa haɗa ido da kowa. Can Saude ta kira ni ɗakin Inna, ta buɗe wata kwalla ta ciro littafin. Ta ce tun da ciwo ya kwantar da ita, duk Asabar sai ta sa an share mata tsakar gida an shimfiɗa tabarma, wai Malama za ta zo.

Na buɗe shafin ƙarshe. Sale. Hansai. Garba.

A layin sama akwai alamar ta gwada. Fensir ya fara tafiya ya karkace ya sauka daga layi, ta goge. Ta sake gwadawa a gefe, ta sake gogewa. Na kai shi bakin ƙofa wajen haske, na juya ta baya, babu abin da ke karantuwa.

Saude ta ce, "Malama, ke ta faɗa miki sunan?"

Na ce a'a. A nan kukan ya ƙwace min.

Inna, ki yafe min. Ke kin zo aji kullum, ni ce ban zo ba.

Ya Allah Ka gafarta wa Inna Tabawa, Ka haskaka kabarinta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka ba Saude da 'yan'uwanta haƙuri. Ka haɗa ta da 'ya'yanta huɗu a Aljanna.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya tsaya ya yi mata addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce ƙafa uku. Ku sa da Sale da Hansai da Garba. Ku sa da yayansu. Ba ni da sunan da zan ba ku, ku ce ɗan farin Inna Tabawa, Allah Ya san shi.