Tjitske da Sandunan Cajin Layinsu

Shekara goma sha bakwai Tjitske Boonstra ta yi tana bin tsofaffi gida-gida a ƙauyukan arewacin Groningen. Ta yi wa wannan wanka, ta sauya wa waccan bandeji, ta yi wa wancan allurar ciwon suga. Bara ne ma'aikatarsu ta karɓe motocin mai, ta raba musu na lantarki.

Motar dai ba ta da laifi. Matsalar ita ce Tjitske a hawa na uku take zaune, ba gareji, ba inda za ta jawo waya. Abin da layinsu ya mallaka sandunan caji biyu ne a bakin titi, masu matsakaicin ƙarfi, irin waɗanda sai mota ta yi awa biyar a jone kafin ta cika. Motoci goma sha ɗaya ke rububinsu. Wurin caji mai cikawa da sauri yana can bakin babbar hanya, shi kuma ba ya karɓar katin biya na ma'aikatarsu.

Da ta dawo daga aiki da la'asar, sai ta ɗora miya a wuta ta tsaya bakin taga. Wuri na buɗewa ta sauko a guje da silifas, sau tari kuma kafin ta zagayo da mota wani ya riga ta. Maƙwabcinta Roelof, mai aikin fenti, in ya jona tasa ran Juma'a sai Litinin.

"Roelof, motarka fa ta cika tun jiya."

"Haba? Ban duba ba, maƙwabciya."

"Daga tagata ina hango fitilar."

"Ke da tagar nan ai sai a ɗaura muku aure," ya ce yana dariya. "In na cire ina zan ajiye ta? A kaina?"

Sau uku ta rubuta wa hukumar gari. Amsar ɗaya ce: wayoyin unguwar ba za su ɗauki ƙarin sanda ba sai an sauya su, watakila nan da shekara biyu.

Cikin majinyatanta wanda ya fi nisa shi ne Harm Dijkhuis, tsohon manomin dankali, ɗan shekara tamanin da shida. Bakwai da rabi na safe take yi masa allurar ciwon suga, sannan ya karya kumallo. "Yarinya" yake ce mata, alhali ta ba hamsin baya.

Wata Lahadi cikin hunturu ta yi sa'ar wuri, ta jona, ta hau sama da sanyin zuciya. Da safe ta tarar da jar fitila. Sandar ta yanke tun jiya, batirin ko rabin hanya ba zai kai ta ba. Ta kira lambar da ke jikin sandar, na'ura ta yi ta ce mata ta jira. Ta kira ofis, aka ce ba wanda zai iya zuwa sai ƙarfe goma. Ta kira tsohon.

"Baba, ka ci wani abu, zan makara."

"Zan jira ki, yarinya. Ina zan je?"

Bai ci ba. Wajen ƙarfe tara jiri ya kwashe shi a kicin, ya faɗi, ƙugunsa ya karye.

Ba wanda ya ɗora mata laifi, har 'yarsa, wadda ta mai da shi gidan kula da tsofaffi a Assen bayan an sallame shi daga asibiti. Ofis ya sauya wa Tjitske aiki, aka ba ta gidajen cikin gari da keke ke kaiwa.

Ta hau jirgin ƙasa ta je duba shi. Ya rame, yana zaune a keken guragu.

"Gahawar gidan nan sai ka ce ruwan wanke-wanke," ya ce mata. "Ki faɗa musu."

Ta ce to. Suna zaune ma'aikaciyar gidan ta shigo da allura cikin sauri, ta soka masa a daidai wurin da ya riga ya kumbura. Tsohon ya runtse ido. Tjitske ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tuna ba majinyacinta ba ne yanzu. Ta riƙe masa ɗaya hannun.