Ranar da Darakta Ya Tuɓe Takalmi

Ɗazu na ji wani matashin shugaba yana yi wa direbansa tsawa, sai na tuna tsohon daraktanmu a Madarumfa, Allah ya jiƙansa.

Wata rana da bazara Baba Idi mai gadi ya makara da makullin ma'aikata, muka taru a ƙofa. Ya iso yana haki, tsoron kora ya cika shi, ya tuɓe takalmi zai durƙusa.

Sai darakta ya tuɓe nasa.

Baba Idi ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa da zafi!"

"To sa naka in sa nawa, Baba. Ai ka haife ni. Lafiya dai?"

Ashe matarsa ce kwance. Da motar aiki darakta ya sa aka kai ta wurin likita.

Ku fa, naku shugaban yana tambayar lafiya kafin laifi?