Madarar da Na Ajiye wa Doguwa

A lokacin ni ma'aikaciyar jinya ce a wata ƙasar Larabawa, a wani asibiti da ke unguwar Ulaya, ina zaune a gidan ma'aikata can unguwar Al-Shifa. Mace ce ni mai ji da kai, ko ciwo nake ba na faɗa. Daga aiki sai ɗaki, sai ƙarar mukayyif mai sanyaya ɗakin. Mahaifiyata na gida Najeriya, kuma duk kiran da ta yi sai in ce mata lafiya lau, in katse.

Abokiyar ɗakina wata Baturiya ce, mai kirki ƙwarai. Wata rana na ga kyandir da 'yar tasa a ɓoye cikin kabad ɗinta. Ta roƙe ni in rufa mata asiri, don a ƙasar nan abin kora ne. Ta ce wata allahiyar kakanninta take bi, tana mata hira kamar ƙawa, tana neman shawararta, ranar da ta gaji kuma sai su rabu lafiya. Ba ta taɓa cewa in bi ta ba. Ni ce da bakina na ba ta labarin kakata 'yar bori, wadda Doguwa ke hawa, da yadda takan ajiye mata madarar shanu a ƙoƙo, in ta wayi gari madarar ta yi tsami ta ce an amsa. Baturiya ta ce na yi sa'ar gado. Maganar ta yi min daɗi, ban san me ya sa ba.

Na fara kamar wasa. Na sayo madarar kwali a baƙala, wato shagon da ke ƙasan gidanmu, na zuba a kofi, na ɗora saman kabad. Ina salla, in sallame in juya in yi wa kofi hira. Duk abin da na hana mahaifiyata ji, Doguwa ta ji shi. Ita ba ta min faɗa, ba ta tambayar yaushe zan yi aure.

Ana haka yayana ya kira ya ce jikin Mama ya tashi, in nemi hutu in zo. Shugabarmu a asibiti ta ce za ta sa hannu a ba ni bizar fita da dawowa in na shirya. Maimakon in haɗa kaya, sai na zuba sabuwar madara na ce wa Doguwa in tafiyar ta zama dole ta nuna min. Da safe madara na nan garau. Na sake zuba wata, haka. Na ce wa yayana jikin zai yi sauƙi, zan zo da hutun salla. Ni da na karanci jinya, ban tsaya na tuna cewa madarar kwali a ɗaki mai sanyi ba ta saurin tsami kamar ta rugar kakata ba. Ina tsakiyar raba magani aka kira ni aka ce Mama ta rasu. Na ƙarasa rabon maganin.

Har yau ban yi kuka ba. Na zubar da kofin, na yi tuba, ina zuwa aiki, ina cin abinci, komai ba ya min ɗanɗano. Ban ga laifin Baturiya ba, ban kuma san ko akwai wadda ta taɓa saurarena a saman kabad ɗin nan ba. Abin da na gane shi ne na zaɓi abokiyar hirar da ba za ta taɓa musa min ba, don tsoron tafiyar nake, ba na son ganin Mama a kwance. 'Yan uwana da ke zaman kaɗaici a ƙasar mutane, in na gida ya ce ku zo, kada ku tsaya neman alama a wurin kowa, ku tafi. Yayana ya ce a kwanakinta na ƙarshe, duk wanda ya turo ƙofa sai Mama ta ɗaga kai ta kira sunana.