Sunan da Za a Sassaƙa a Kabarin Yayana

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina garejina na gyaran babura a garin Consuelo, matar yayana Nurys ta bugo waya tana kuka, ta ce ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa, zuciya ta tsaya. Kafin in kai asibiti har rediyo ta ɗauka. A bakin ƙofa na ji ana cewa Isidro Cabral, tsohon gwanin besbol, wasan da ake buga ƙwallo da sanda, ya rasu yana da shekara hamsin. Na zauna daɓas a ƙasa. Yayana ne ya rasu, uwa ɗaya uba ɗaya, amma sunan da aka kira nawa ne, shekarun ma nawa ne.

Yaya, yau kwananka bakwai. Jibi za a yi addu'ar kwana tara, kuma Fello mai sassaƙa dutsen kabari ya aiko har sau biyu yana tambayar sunan da zai rubuta. Hankalina a tashe yake, abinci ba ya shiga, ko shayin kofi da Mama ke dafawa ban iya haɗiyewa ba.

Kana da shekara sha tara lokacin da mai neman 'yan wasa ya zo ƙauyenmu na masu yankan rake. Ya ga yadda kake jifa daga can ƙarshen fili, ya riƙe baki, sai ya tambayi shekarunka. Da ya ji sai ya girgiza kai, ya ce ƙungiyoyin Amirka ɗan sha shida suke so, kai ka tsufa. Ni ne ɗan sha shida, ni da ko murfin kwalbar da yara ke mayarwa ƙwallo ban taɓa iya bugawa da sanda ba. Babanmu ya ɗauko takardun haihuwarmu ya musanya, ya ce kada wanda ya ƙara tayar da maganar. Ka tafi da sunana Isidro, ka bar mini naka Anselmo. Muka koma gari da zama, tsofaffin ƙauye suka kama bakinsu har suka ƙare ɗaya bayan ɗaya.

Kuma ka yi wa sunan aiki. Shekara sha huɗu kana tsaron bayan fili, inda dogayen ƙwallaye ke faɗowa. Sau uku aka ba ka kyautar gwanin tsaro. Sau ɗari biyu da sha biyu ka buga ƙwallo ta tsallake katanga, na san adadin domin ni nake ƙirgawa a gaban rediyo. Ranar da ka daki katanga da gudu ƙashin wuyanka ya karye, kana kwance ka ɗaga hannu sama alƙalin wasa ya ga ƙwallon na nan cikin safar hannunka. Da ka yi ritaya jaridu suka yi ta mamaki, wai gwiwoyinka sun tsufa da wuri. Ni da kai muka yi dariya har da hawaye.

Duk wasan da ka yi fice sai ka bugo mini waya. Abin da kake fara cewa ke nan: "Isidro, yau fa ka yi ƙoƙari, ka cafe ƙwallo uku. Ashe ka iya, ɗan banza?" Ranar da wasa ya ɓaci kuma ka ce na ba ka kunya, in dage. Kai kaɗai da Mama kuke kirana da sunana, shi ma sai an rufe ƙofa. Ban taɓa jin haushinka ba, Allah ya sani. Kai ka canza wa Mama rufin kwanon da ke yoyo, kai ka kwana uku a tsaye lokacin da aka yi wa 'yata tiyata. Duk dawowarka da buhun safar hannu kake zuwa, ka raba wa yaran da ke cafe ƙwallo da kwalin madara a madadin safa, kana yi musu tsiya cewa ko kaji sun fi su gudu.

Yanzu gidan ya rabu biyu, ni ina tsakiya. Ranar Lahadi kwamitin filin wasa zai rataye lambar rigarka a katanga don karrama ka, da sunan Isidro Cabral. Nurys tana tsoron idan gaskiya ta fito su fasa, jaridun da suka yabe ka su koma kiranka maƙaryaci, 'ya'yanka su kasa ɗaga kai a gari. Ban ga laifinta ba, tsoron nan ni ma shi ya hana ni sukuni. Mama kuwa, da shekarunta tamanin da bakwai, ta ƙi zama a cocin da ake yi wa Isidro addu'a. Jiya ta riƙe hannuna ta ce: "Ni Anselmo na haifa, shi aka yi wa baftisma, shi ya mutu. Kuna so in roƙa wa mai rai gafara, ɗana yana can ba wanda ya ambace shi?"

Duk sunan da Fello ya sassaƙa, ni zan je kabari in karanta sunana, ko na haihuwa, ko na katin shaidata.

Da safen nan na je wurin Nurys na faɗa mata abin da na yanke. Hotonka kawai ta miƙo mini, na saka a aljihu. Daga nan na wuce wurin Fello, na ce ya rubuta Anselmo Cabral, shekara hamsin da uku, a ƙasa kuma ya ƙara: wanda ya yi wasa da sunan ƙaninsa Isidro. Wannan rubutun da nake yi maka ma jibi zan karanta shi a gaban jama'a, har da 'yan kwamiti. Ban san abin da za su yi ranar Lahadi ba. Abin da zan roƙe su ɗaya ne, su tuna cewa takarda aka musanya, amma ƙashin da ya karye a katanga naka ne.

Nurys, Allah ya ba ki haƙuri, ke da yara, ki yafe mini idan na jawo muku magana. Mama, Allah ya sanyaya zuciyarki, jibi ki zauna a gaba, ɗanki za a ambata. Allah ya yafe wa babanmu, talauci ne ya sa shi.

Aron suna ka yi, Yaya, ka kuma dawo mini da shi ya fi yadda na ba ka. Allah ya gafarta maka, ya karɓe ka da rahama, ya ba ka hutawa. Shekara talatin da huɗu ban kira ka a bainar jama'a ba. Allah ya jiƙanka, Anselmo.

Ƙaninka, Isidro.