Amsar da Na Hana Hajiya

Ba mu da murhu a unguwarmu ta Small Heath, a ƙasar Turawa. Hitar ɗumama ɗaki muke da ita, mai sanda biyu, ɗayar ma ta mutu. Bayan magariba kakata Hajiya takan ja kujera gabanta, ta miƙe ƙafa ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Dokarta ɗaya ce: in ba a ce "Ta zo mu ji ta" ba, ba za ta ƙara ko kalma ba. Iyayena suna wurin aiki, ni kaɗai ce jika a gidan. Amsar tana bakina ke nan.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. A wurin wata tsohuwa 'yar Armeniya ta samo ta, wadda ta yi wa shara da wanke-wanke a Manchester farkon zuwanta. Wai an yi wata mata a ƙasarsu mai rubuta waƙoƙi, yaƙi ya kore ta zuwa garin da babu mai jin yarenta. Tana rubutawa tana tarawa a gwangwanin biskit. Kullum da yamma sai ta ɗora butar shayi a wuta ta karanta mata waƙa guda. In ruwan ya tafasa butar ta yi fito, sai ta ce, "Na gode, 'yar'uwa." Sai bayan ranta aka buga littafin.

"Shi ke nan? Hajiya, nothing happens! Ba kura, ba dodo?"

"Uwar gaggawa," in ji ta. "Shirun gidan nan nata ba dodo ba ne?"

Ina shekara sha uku na gaji. Ta ce ga ta nan, na ci gaba da danna waya. Ta sake faɗa. Na ce, "I've heard it," wato na riga na ji ta. Ta ɗan jira, sannan ta dafa gwiwa ta tashi, ta shiga kicin ta ɗora ruwa. Wallahi ban gane ba. Ba ta sake yi mini tatsuniya ba, ni kuma girman kai ya hana ni roƙo.

Bara ta rasu. Yanzu ina Manchester, ɗaki ɗaya, aikin kanti, sai in yi sati ban yi Hausa da kowa ba. Na nemi matar nan mai waƙoƙi a intanet har na gaji, ban same ta ba. Ko tsohuwar 'yar Armeniyar ce matar, ko Hajiya ce da kanta, oho.

Jiya na dawo daga aiki na kunna butar lantarki, na tsaya a kanta da rigar sanyi a jikina. Sai na ji bakina ya ce, "Ta zo mu ji ta, Hajiya."

Ruwan ya tafasa, butar ta kashe kanta.